Yadda Ake Shirya Tawagar Bishara Ta Ɗan Lokaci Zuwa Nijar Da Sauran Ƙasashen Maƙwabta

Ikilisiyoyi da yawa a arewacin Najeriya suna aika matasa, ko zumuntar mata, ko ma'aikatan lafiya zuwa ƙetare na mako ɗaya zuwa uku. Mafi yawa Nijar suke nufa, wasu Chadi, Kamaru ko Ghana. Shirin irin wannan tafiya yana cin wata shida, kuma ma'auninsa guda ne: a wane hali za ku bar ikilisiyar da ta karɓe ku? Ku za ku dawo gida bayan kwana goma sha huɗu. Faston can da iyalinsa su ne za su ci gaba da zama da maƙwabta, da mai gari, da jandarma, da duk abin da bakinku ko wayarku ta jawo.

Gayyata tukuna

Kada a sa rana, kada a tara baiko, sai an sami gayyata a rubuce daga ikilisiya ko ma'aikatar da ke zaune a wurin. Nijar ba fili ba ne da babu kowa. 'Yan mishan na SIM, ƙungiyar da aka sani a da da Sudan Interior Mission, sun fara aiki a Damagaram tun 1924, asibitin Galmi yana aiki tun 1950, akwai cibiyar lafiya ta Danja kusa da Maraɗi, akwai kuma ikilisiyoyin ƙasar irin su EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, masu shugabanninsu da tsarinsu. Idan ɗarikarku tana da sashen mishan, kamar EMS a ECWA, ku bi ta can, domin suna da ma'aikata a ƙasa, sun kuma san wanda za a kira.

Ku tambayi mai masaukinku waɗannan abubuwa, ku rubuta amsarsa yadda ya faɗa: wane aiki yake so a yi, mutum nawa zai iya saukarwa ba tare da ya kori 'ya'yansa daga ɗakinsu ba, wane wata ya fi masa, me ba a yi a garin, kuma nawa ciyar da mutum ɗaya yake ci a rana. Tambaya ta ƙarshen ita ce ake jin nauyin yi, shi ma zai ji kunyar amsawa. Ku matsa da ladabi. Mai bishara da abin hannunsa bai kai wata ba zai yanka akuyarsa ɗaya tilo saboda baƙi, ba zai ce uffan ba, ku kuma ku dawo kuna yabon karamci. Ku aika kuɗin abinci, ruwa, itace ko gas da na masu dafuwa mako biyu kafin isowarku.

Mutum nawa, su wa

Shida zuwa goma sun isa. Da zarar an haura goma sha biyu, ana bukatar mota biyu, banɗaki ya yi kaɗan, kuma a ƙauye tawagar ta zama abin kallo. A raba aiki tun farko: shugaba ɗaya wanda maganarsa ce ta ƙarshe a hanya, ma'aji, mai kula da lafiya, mai riƙe takardu, da mutum ɗaya aƙalla da yake jin Faransanci. Hausa za ta kai ku ko'ina a Maraɗi, Tawa da Damagaram, amma takardun hukuma da Faransanci suke, a Chadi kuwa sai da Faransanci ko Larabcin Chadi. Idan akwai mata a tawagar kada su gaza biyu, domin su ne za su shiga cikin gidaje inda namiji baƙo ba ya shiga. Duk wanda bai kai shekara 18 ba sai da takardar izinin iyaye mai sa hannu. Mai hawan jini, ciwon suga, farfaɗiya ko mai ciki ya faɗa wa mai kula da lafiya tun a gida, a asirce.

Lokacin tafiya

Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi sauƙi: an gama girbi, mutane suna gida, hanyoyin ƙauye sun bushe. Sai dai hunturu yana da sanyin dare da ƙura, a tafi da bargo, man shafawa da maganin mura, mai asma kuma kada ya rabu da abin shaƙarsa. Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, aikin gini da rana a lokacin ganganci ne. Da damina kowa yana gona, koramu suna yanke hanya, sauro kuma yana kan ganiyarsa. Ku duba lokacin azumi da sallah. Ana iya zuwa cikin azumi, amma ba a ci ko sha a fili da rana, ba a kuma kunna lasifika lokacin shan ruwa ko sallar dare.

Takardu: wata huɗu kafin tafiya

Kowa ya yi fasfo, kuma ya zama da sauran wata shida aƙalla kafin ya ƙare a ranar dawowa. Abin da ya fi jinkirta fasfo shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin NIN da sauran takardu, gyaran kuma yana cin makonni, shi ya sa ake farawa da wuri. Mutanen bakin iyaka sun saba ƙetarewa da katin ɗan ƙasa ko ma babu komai, amma tawagar baƙi mai kaya da littattafai ba ta cikin wannan sahu. Ku shiga ta ƙofa, a buga muku hatimin fita da na shiga. Fasfon da ba shi da hatimin shiga shi ne yake zaunar da mutum a shingen jandarma har yamma.

Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairu 2025, kafin nan kuma an rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ba sai a Maris 2024. Saboda haka abin da tawagar bara ta tarar ba hujja ba ne. Ku tambayi ofishin jakadancin ƙasar wata biyu kafin tafiya, ku sake tambayar mai masaukinku ana saura mako guda. Ghana tana cikin ECOWAS, ɗan Najeriya yana shiga ya yi kwana 90 ba biza. Chadi da Kamaru ba sa cikinta, nasu tsarin dabam ne. Idan akwai ɗan wata ƙasa a cikinku, musamman Bature, bizarsa da izinin fitarsa daga babban birni abu ne na dabam da za a bincika shi kaɗai.

Sai katin allurar shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa da ofishin lafiya na tashoshin shiga da fita yake bayarwa. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, don haka wanda ya yi ta ana gobe tafiya kamar bai yi ba ne. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har iyakar rai. Kada kowa ya sayi kati ba tare da an yi masa allurar ba. Ha'inci ne, bai dace da mai ɗauke da bishara ba, cutar kuma tana kisa.

A haɗa da wasiƙar gayyata, da wasiƙar ikilisiyarku mai jerin sunaye, lambar fasfo da ranakun tafiya, ɗaya da Turanci ɗaya da Faransanci, da hatimi. Jami'an ƙasashen renon Faransa suna girmama takarda mai hatimi ƙwarai. A buga jerin sunayen kamar kwafi goma sha biyar, a riƙa miƙa ɗaya a kowane shinge, ya fi a tsaya ana rubuta sunan kowa da hannu. Kowane mutum ya riƙe hoton fasfo huɗu. Kwafin dukan takardu kashi uku: ɗaya wurin mai riƙe takardu, ɗaya a waya, ɗaya a ofishin ikilisiya a gida. Idan an tambaye ku dalilin zuwa, ku faɗi gaskiya a gajarce: ziyarar ikilisiya kaza bisa gayyatar fasto wane. Mutum ɗaya ne zai yi magana, sauran su yi shiru.

Hanya da mota

Manyan ƙofofin shiga Nijar su ne Jibiya zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, Illela zuwa Birnin Ƙonni, Kongolam ta wajen Daura zuwa Matamai da Damagaram, Maigatari a Jigawa, da Kamba zuwa Gaya. Wadda ta fi kusa ba lallai ita ce ta fi lafiya ba, mai masauki da direbobin tasha su ne suka san halin hanya a wannan makon. Ku lissafa tafiyar yadda za ku isa iyaka da hantsi, ku isa masauki kafin la'asar. Ba a tafiyar dare, ko da wa'azi ya yi daɗi an makara. A kwana a tashi da safe.

Sau da yawa ya fi sauƙi motarku ta ajiye ku a iyaka, motar can mai lambar ƙasar ta ɗauke ku. Idan dole ne ku shiga da taku, kuna bukatar takardun mallaka na asali, wasiƙar izini idan motar ta ikilisiya ce, lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, inshorar da take aiki a ƙasar da za ku, da lesefase, wato takardar izinin shigar mota na ɗan lokaci, daga 'yan duwan, wato kwastan na can. Ku duba ranar da lesefasen zai ƙare, ku mayar da shi lokacin fita. A cikin mota a sami tayar safaya biyu, jak, abin kashe wuta, alamar tsayawa mai kusurwa uku guda biyu, igiyar ja, shebur saboda rairayi, da jarkar ruwa ta lita 25. Duk kuɗin da aka ce ku biya, ku nemi rasit cikin fara'a. Wanda ya fara gardama da jami'i a ƙasar da ba tasa ba, tawagar duka ya saya wa zama.

Masu zuwa Ghana ko Njamena ta jirgi: batirin caji na tafi-da-gidanka yana jakar hannu, ba a sa shi a kayan awo. Ruwa ko mai a jakar hannu kada ya wuce mililita 100 kowace kwalba. Maganin da mutum yake sha kullum da kaya sawu ɗaya su kasance tare da shi, ko akwati zai makara. Ghana tana bayan Najeriya da awa ɗaya. Nijar, Chadi da Kamaru agogonsu ɗaya da namu.

Kuɗi

Sefa iri biyu ce. Ta Afirka ta Yamma ita ce ake ci a Nijar, Benin da Togo, ta Afirka ta Tsakiya kuma a Chadi da Kamaru. Darajarsu ɗaya, kusan 656 a Yuro guda, amma mai shago a Maraɗi ba zai karɓi ta Njamena ba. Ku duba takardar kafin ku bar wurin mai canji. Ku nemi ƙananan kuɗi da yawa, 500, 1,000 da 2,000, domin takardar 10,000 ba ta da canji a ƙauye.

A kasuwannin Nijar da dala ake ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Idan mai tumatir ta ce ashirin, sefa 100 take nufi. Hamsin 250 ne, ɗari 500, jika ɗaya 1,000. A Chadi haka ake yi da riyal. Ma'aji ya haddace wannan, in ba haka ba zai yi ta miƙa kashi ɗaya cikin biyar na farashi yana ganin an yi masa araha, har a ɗauka raini ne.

Katin banki na naira kada a dogara da shi a waje. A raba tsabar kuɗi tsakanin mutum uku, a ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi a ambulan dabam domin asibiti ko gyaran mota, ba a taɓa shi don tsaraba. Kuɗin da ya haura Dalar Amurka 10,000 ko kwatankwacinsa dole a bayyana shi ga kwastan na Najeriya. Kowane dare ma'aji da mutum na biyu su rufe lissafin yini.

Lafiya

Abu uku ne suka fi kwantar da tawaga: ruwa, rana da sauro. Ruwan sha ya zama na kwalba mai hatimi, ko wanda aka tafasa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Ƙanƙara da ɗanyen ganye a yi hattara da su. Wanda yake aiki a rana yana bukatar lita 4 zuwa 5 a yini, alamar kuwa fitsari ce: in ya yi duhu, ruwa ya yi kaɗan. Aikin ƙarfi a yi shi daga asuba zuwa ƙarfe 11, a koma bayan ƙarfe 4. Idan wani ya fara ruɗewa ko surutai, jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nufi asibiti nan take.

Don gudawa a tafi da ƙunshin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da suga, aƙalla biyar kowane mutum. In ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, suga ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Gishirin kada ya wuce haka. Gudawa mai jini, ko mai kama da ruwan shinkafa, ko wadda ta zo da zazzaɓi, ta asibiti ce.

Kowa ya ɗauki gidan sauro mai magani da igiyar ɗaurewa. A akwatin magani a sami abin gwajin maleriya na gaggawa da maganin maleriya na ACT cikakke na mutum uku ko huɗu. A gwada kafin a sha, a sha na kwana ukun duka. Wanda ya daɗe yana zaune a Turai ko Amurka, ko da a Jos aka haife shi, garkuwar jikinsa ta ragu, ya ga likita a ba shi maganin rigakafi kafin ya taso. Daga Disamba zuwa Yuni lokacin sanƙarau ne a duk wannan yanki, a yi allurarsa, a duba ta tetanus musamman ga masu gini. Cizon kare a wanke shi da ruwa da sabulu na minti 15, a nemi allura a ranar. Tun kafin tafiya ku san asibitin da ya fi kusa da masaukinku da awa nawa ake yi kafin a kai.

Idan aikin jinya za ku yi, a nan ake yawan kuskure da kyakkyawar niyya. Lasin likita ko nas na Najeriya ba ya ba shi izinin duba marasa lafiya a wata ƙasa. Ku yi aiki a ƙarƙashin asibiti ko ɗakin shan magani mai rajista a can, su nemo muku izini. Kada ku cika kwali da ragowar magunguna daga gidajen membobi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce maganin kyauta ya zama da sauran shekara guda aƙalla kafin ya lalace, kuma masu karɓa ne suka nema. Tramadol da kodin kada su shiga kayanku ko kaɗan. Sayen magani a can ta hannun asibitin ya fi arha da kwanciyar hankali. Kuma a yi tunani kafin a ba mutum maganin hawan jini na wata ɗaya alhali babu wanda zai sake auna shi.

Kaya

Jaka ɗaya da mutum zai iya ɗauka da kansa. Soket ɗin Nijar, Chadi da Kamaru mai ƙafa biyu zagayayyu ne, ba irin namu mai ƙafa uku ba, a sayi adafta uku ko huɗu da abin jona waya mai baki da yawa. Tocila, ƙaramin sola, buta, sabulu, tabarma. Layin waya na can a yi masa rajista da fasfo a ranar farko, aƙalla na shugaba da na ma'aji. Mata su tafi da zane ko doguwar riga da mayafi, maza da dogon wando ko kaftani, har a wurin gini. Riguna iri ɗaya masu babban rubutu a bar su a gida, suna sanar da kowa cewa ga baƙi.

Game da littattafai, ku tambaya kafin ku saya. Wanda ya yi boko a can da Faransanci ya yi, da yawa kuma ajami suka fi iya karantawa, wasu ba sa karatu sam. Littafi Mai Tsarki na Hausa yana da amfani ga masu bi, amma a ƙauye katin waya mai ɗauke da karatun Sabon Alkawari da murya yakan fi kwalin takardu aiki. Siminti, kwano da katako a saye su a can, a ɗauki maginan garin a biya su. Tawagar da ta zo ta yi kyauta aikin da magini Kirista na wurin yake ci da iyalinsa da shi ba ta taimake shi ba.

Tsaro da zama da mutane

Akwai wuraren da tawagar ɗan lokaci ba ta da abin yi a cikinsu yanzu: yankin Tillaberi, Diffa da gaɓar tafkin Chadi, bakin iyakar Arewa Mai Nisa a Kamaru, da Sudan tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023. An sace wani ma'aikacin agaji Ba'amurke a Abalak a 2016, bai sami 'yanci ba sai 2023, an kuma ɗauke wani fada ɗan Italiya a yammacin Nijar a 2018. Idan mai masauki ya ce a ɗage, a ɗage, ko da an riga an yi addu'ar sallama a gaban ikilisiya. Fasa tafiya ba rashin bangaskiya ba ne.

Kada a sanar da rana, hanya ko sunan ƙauye a Facebook ko a manyan zaurukan WhatsApp. A gida a sa mutum ɗaya da shugaba zai kira safe da yamma a lokaci sananne, a kuma yarda tun farko me zai yi idan kira biyu suka wuce shiru. Ba a ɗaukar hoton soja, shinge, gada, bariki ko filin jirgi. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kada ma a tafi da shi.

Ranar farko ta gaisuwa ce. Fasto zai kai ku wurin mai gari ko sarki, wani lokaci da ofishin jandarma ko na magajin gari. Ku cire takalmi, ku bar shi ya gabatar da ku, ku karɓi ruwan baƙo ko da leɓe kawai za ku jiƙa. Baƙo ko da ido makaho ne, saboda haka wa'azin fili, nuna majigi, rabon takardu a kasuwa, duk sai ya ce a yi. A Janairu 2015 an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu a kan wani zane da aka buga a Faransa, wanda Kiristocin Nijar ba su da hannu a ciki. Masu bi na can suna tuna wannan, shi ya sa suke auna kowace kalma. Ku yi shaidar Almasihu, kada ku taɓa addinin kowa da zagi ko ba'a, kada ku shiga zancen siyasar ƙasar ko a cikin mota. Wanda ya ba da gaskiya a ɓoye, hotonsa ko sunansa a rahotonku yana iya raba shi da matarsa, gonarsa, ko ransa. Aiki da yara kuwa, manya biyu a kowane lokaci, a fili, da sanin iyaye.

Kyauta ta bi ta hannun dattawan ikilisiya. Rabon kuɗi ko alewa a titi yana haifar da rububi da gaba, yana kuma sa a ce ana sayen mutane. Kada kowa ya ce "za mu gani" ga mai neman kuɗin makaranta ko rijiya, domin a kunnen mai bukata alkawari ne, bayan kun tafi kuma faston za a riƙa bi. A rubuta roƙon, a kawo wa kwamiti a gida.

Komowa

Ana saura kwana ɗaya ku zauna da mai masauki ku biya duk abin da ya rage, har gas da man babur da ya ƙona dominku. Ku miƙa masa sunayen waɗanda suka nuna sha'awa, a takarda ɗaya, kada kwafi ya bi ku. Ku tambaye shi abin da ya kamata a canza, ku ba shi dama ya aiko da amsar daga baya ta bakin wani, don ba zai faɗa a gabanku ba. A iyaka a karɓi hatimin fita. Cikin mako biyu ma'aji ya karanta lissafi a gaban ikilisiya, rahoto kuma a aika wa mai masauki ya duba kafin a karanta ko a buga. Duk wanda ya yi zazzaɓi cikin wata guda da dawowa ya je a gwada jininsa a ranar, ya kuma faɗa wa likita ƙasar da ya je da irin ruwan da ya sha.